Sensa a Kular Inna

Ni tela ne, kuma abin da ban auna da hannuna ba ban cika yarda da shi ba. Mutum zai shigo ya ce in ɗinka masa riga daidai da ta bara, sai in ce ya ɗaga hannu tukuna, don tumbin bara daban, na bana daban. Wannan hali ya yi min rana a ɗinki. A gidan surukaina kuwa shi ya jawo min kunyar da har yau in na tuna sai in ji ƙeyata ta ɗau zafi, ko da ni kaɗai ne a shago.

Shagona a Haɗeja yana jere ɗaya da na masu gyaran waya. In an wuce sallah ɗinki ya ja baya, wurinsu nake kashe yini, ina kallon yadda suke narka dalma suna liƙe wayoyi sirara. Tun ina kallo har na fara taɓawa. Daga nan na faɗa kallon bidiyon masu haɗe-haɗen lantarki, na riƙa ba direbobin Kano sautu suna sayo min tarkace. A cikin tarkacen nan ne wata 'yar aba shuɗiya ta zo, girmanta bai wuce dunƙulen magi ba, fuskarta duk ƙananan ramuka kamar rariya. Sensa ake ce mata. Aikinta ta shaƙi iskar wuri, ta faɗi zafinsa da yawan laimar da ke cikinsa a lamba. In ka haɗa ta da ɗan allon lantarki mai ƙwaƙwalwa, sai ka umarce shi ya yi kaza in lambar ta kai kaza.

Abu na farko da na haɗa fankar shagona ce. Da zafi ya tsananta sai ta tashi da kanta, in ya sauka ta tsaya. Ranar da ta fara, wani dattijo da ya kawo yadi ya ja da baya yana a'uziyya. Ba a jima ba layinmu duk suka daina ce min tela, sai Injiniya. Nakan ce su bari, ba na so. Ƙarya nake, ina so ƙwarai.

Surukata, wadda kowa ke kira Inna, tana wani ƙauye a cikin fadama, gabas da gari. Mijinta ya rasu ba da daɗewa ba bayan aurenmu. Manomin alkama ne, kuma tun kafin a haifi matata bai taɓa sayen iri a kasuwa ba. Kowace shekara da kansa yake zaɓar zangarniyar da ta fi cika, ya sussuke ta daban, ya ajiye don shukar gaba. Alkama ce jajaja, garinta da danƙo, ita matan ƙauyen ke nema in za a yi alkakin biki. Da ya rasu, Inna ta sa aka kwashe buhunan irin daga rumbu aka kai su ƙuryar ɗakinta, kusa da gadonta. Bai bar ɗa namiji ba. Gonar da irin nan su ne abin da ya bar mata, 'yan ƙwadago take sawa su yi aikin.

Wahalar irin alkama a wajenmu ita ce damina. Da bazara ake girbe ta, sai sanyi ya shigo ake shukawa, ke nan dole ta ƙetare watannin ruwa a cikin buhu, a ƙasar da ruwa ke tsattsafowa ta ƙarƙashin ɗaki. Shi ya sa duk lokacin da rana ta buɗe da damina, Inna takan ja buhunan ta fitar tsakar gida, ta baje a tabarma, ta zauna tana korar kaji tana duban hadari, sannan ta sake kwashewa. Gwiwoyinta kuwa sun gaji. A daminar da ta wuce ta faɗi da buhu a bakin ƙofa, ta daɗe tana ɗingishi. Da matata ta ba ni labari, tausayi ya kama ni, wannan gaskiya ne. Amma tare da tausayin na ji wani abu yana min raɗa cewa ga inda za a san Injiniya.

Tsakanina da Inna akwai kunya irin ta suruki da suruka, kuma a gidan nan ba a sassauta ta ba ko kaɗan. Ban taɓa wuce zaure ba. In na je, tun daga waje nake cire takalmi, in durƙusa, in zuba wa ƙasa ido. Ita kuma daga bayan katanga take amsa gaisuwa. Ko ruwa aka kawo min ba na sha. Ba ta taɓa yi min magana kai tsaye ba, sai dai ta ce, “A ce wa maigidan waccan ya gai da mutanen gida,” alhali ina jin ta. Waccan ɗin ita ce matata, domin 'yar fari ce, Inna ba ta kama sunanta, ba ta kuma sakin jiki da ita. Saboda haka duk wata magana mai tsawo tsakaninmu ta bakin ƙanwar matata take bi. Ita tana aure a ƙauyen, kuma abokiyar wasata ce, ba ta raga min ko da wasa.

Na zauna na haɗa abin da ban taɓa haɗa irinsa ba. Na ciro batura daga wata matacciyar kwamfuta, na sa wa allon layin waya, na tsara shi ya yi ta barci, sai da safe ya farka ya tambayi sensa, ya turo min lambar ta saƙon tes, ya koma barci. Da haka batir zai kai har sanyi ba wanda ya taɓa shi. Na gwada a kan tukunyar tuwo, lamba ta yi sama. Na kai shi rana, ta sauko. Sannan, da yake tela ba ya barin abu tsirara, na ɗinka masa 'yar jaka da ƙyallen shadda, na bar taga daidai fuskar sensa, har da ɗan aiki na yi wa bakinta. Yanzu in na tuna aikin nan sai in ji haushin kaina. Da na sa abin a tsumma, da wataƙila an jefa shi cikin buhuna kamar yadda ya kamata.

Gab da faɗuwar damina na hau babur na kai. Na gaida Inna ta bayan katanga, sannan ƙanwar matata ta fito zaure na damƙa mata.

“Ki saurara da kyau,” na ce mata. “A cikin alkama za a sa shi. Kada ruwa ya taɓa shi, kada ɓera ya ci wayarsa. Kuma ki gaya wa Inna ta huta. Kada ta sake jan buhu sai na aiko. Ranar da laima ta shiga, ni zan fara sani, zan sa a zo a shanya mata.”

Ta juya jakar a hannunta tana dariya. “Injiniya, wannan laya ce ko kwalliya? To in abin naka ya yi ƙarya fa?”

“Mutum ke ƙarya,” na ce. “Wannan abin da ya shaƙa shi yake faɗi.”

Ta shiga da shi. Na ji muryar Inna tana cewa a ajiye, ta gani, Allah ya yi albarka. Daga baya na gane ba ta ko dube shi a gaban 'yarta ba, domin suruka ba ta rawar jiki a kan kyautar suruki a gaban mutane. Ƙanwar matata ta faɗi saƙo, ta ajiye jakar a bakin gado, ta koma gidan mijinta. Ba wanda ya ga inda aka sa abin. Ni kuma na dawo gari ina jin kaina a sama.

Damina ta zo da ƙarfi a shekarar. Kogi ya cika ya tumbatsa, hanyar ƙauyen ta yanke, sai da kwalekwale ake shiga. A shagona shadda ta yi laushi, almakashi ya fara tsatsa, gishirin gidanmu ya zama ruwa a kwano. Sensar da ke bangon shago lambarta ta haye can sama ta zauna. Amma kullum da safe in tes ɗin ƙauye ya shigo, lambar Inna tana ƙasa, bushe ƙayau, kamar ranar da na kai. Da farko alfahari na yi da ita. Na riƙa nuna wa masu gyaran waya, ina yi musu lacca a kan ginin ƙasa na mutanen da, wai ya fi siminti hana laima. Suna gyaɗa kai, ni kuma ina ƙarawa.

Sai da ruwa ya yi nisa zuciyata ta fara ɗar-ɗar. Ba ƙasan lambar ne ya dame ni ba, rashin motsinta ne. Ko a ɗaki mafi kyau, ranar da aka kwana ana ruwa ya kamata ta ɗan ɗaga, ranar da aka yi rana ta ɗan sauka. Wannan kuwa ko gezau. Na san abin da ya kamata a yi: a je a ga inda sensar take. Amma wa zai je? Ni ko mutuwa ake a ƙuryar ɗakin Inna ba zan shiga ba. Na yi wa matata maganar, ta dube ni ta dubi cikinta, domin a lokacin tana ɗauke da cikin fari, ya kuma fara fitowa.

“Ni zan hau kwalekwale in je in tsaya gaban Inna da wannan?” ta ce. “Haba Malam. Ka kira ƙanwata mana.”

Na kira ƙanwar tata. Tambayar da ke raina ita ce a ina daidai Inna ta sa abin, a tsakiyar buhunan ne, ko a wani wuri. Amma da na juya ta a bakina sai na ji ta yi kama da tuhuma, kamar ina cewa tsohuwa ba ta iya bin magana ba, ko ina son sanin yadda ɗakin surukata yake. Sai na rage mata kaifi har ta zama ba tambaya ba. Na ce ta ɗan tambayi Inna ko abin nan yana nan lafiya.

Da yamma ta kira ni. “Ta ce yana nan lafiya lau, a cikin alkama, ba abin da ya taɓa shi.”

Na karɓi amsar nan hannu bibbiyu, domin ita nake so in ji.

Bayan wannan aka samu ɗan tsaiko na ruwa, rana ta fito tarwai kwanaki a jere, irin ranar da Inna ba ta taɓa bari ta wuce ba. Ina tsaye ina yanka wani yadi, shago cike da mutane, sai ga kiran ƙanwar matata.

“Injiniya, Inna ce ta ce a tambaya. Wai abin maigidan waccan bai ce komai ba?”

Tun da na auri 'yarta, Inna ba ta taɓa aiko min da tambaya ba. Ko wannan kaɗai ya isa in ajiye almakashi. Amma ga mutane suna saurare, wasu ma daga cikin waɗanda na yi wa lacca ne. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, “Ki ce mata ta kwantar da hankalinta. Yau da safe ma na duba, komai a bushe yake. Kada ta wahalar da gwiwarta.” Na kashe waya na ci gaba da yanka. Na ma yanka yadin daidai.

Ruwa ya janye, aka girbe shinkafa, sanyi ya fara shigowa. Aka gyara gonar marigayi, aka ja fangali na ban ruwa, aka ce gobe shuka. Washegari da hantsi ƙanwar matata ta kira ni. Ba ta ce Injiniya ba. Ta ce, “Yaya, ka zo.” Tun daga wannan Yayan na san babu lafiya.

Tun kafin in kafe babur warin ya tare ni. An fito da buhunan ƙofar gida an farke su. Alkamar ta dunƙule guda-guda, ta yi fumfuna toka-toka da kore, ta ƙasan buhu kuwa ta yi baƙi ƙirin. Inda bai ruɓe ba ƙwari sun mayar da shi gari. Na sa hannu na ɗebo, ya dagargaje a tafina. Maza 'yan ƙwadago suna tsaye da fartanyoyinsu, ba wanda ya ce min komai sai sannu da zuwa. Na gwammace a ce wani ya zage ni.

Na shiga zaure na durƙusa a inda na saba. Na yi gaisuwa, Inna ta amsa daga bayan katanga da muryarta ta kullum, har da tambayar mutanen gida. Can sai ƙanwar matata ta fito rungume da wata babbar kula ta roba, irin wadda ake zuba abincin biki, mai murfin da ake murɗawa ya kame gam. Na san kular. Marigayi ne ya sayo wa Inna, kuma matata ta sha gaya min ba a taɓa zuba abinci a cikinta ba, a saman kabad take zaune. Ta dire ta a gabana ta murɗe murfin.

Cike take da alkama har baki, jajaja, bushe, tana ƙamshin rumbu. A tsakiyarta ga jakata ta shadda a kwance, aikin bakinta ko datti bai yi ba.

“Ka ce a sa a cikin alkama,” ƙanwar matata ta faɗa a hankali. “Ka ce kada ruwa ya taɓa, kada ɓera ya ci. Ta ce ba za ta jefa kayan suruki a ƙasa cikin buhu ba. Sai ta ɗebi irin ta cika kularta, ta binne shi a ciki, ta rufe, ta mayar saman kabad.”

Na zuba wa abin ido. Babu ɗaya daga cikin sharuɗɗana da Inna ta karya. Sensar ma ba ta yi ƙarya ba, iskar cikin kula ta shaƙa, ita ta yi ta faɗa min duk daminar nan. Kamar na auna rigar da ke rataye a ƙusa ne na ce na auna mutum. Abin da ban faɗa ba, cewa dole fuskarta ta sha iskar da buhunan ke sha, a wajena a bayyane yake har ban ga dalilin faɗa ba. Na so in ce a ba Inna haƙuri. Abin da ya fito kawai shi ne, “Allah ya mayar da alheri.” Daga bayan katanga aka ce amin.

Na dawo gari ina jiran dariya. Na san ƙauye, na san layinmu. Na ɗauka kafin kasuwa ta sake ci labarin telan da ya ruɓar da irin surukarsa zai iso Haɗeja. Na cire sensar shago na jefa a aljihun keken ɗinki, fanka ta koma sai an danna. Duk wanda ya ce min Injiniya sai in ji kamar ya watsa min ruwan zafi, in ɗaga kai in duba ko gatse yake.

Dariyar ba ta zo ba. Da na koma ƙauyen bayan an yi shuka, ina fitowa daga masallaci wani dattijo ya riƙe hannuna da hannu biyu. “Kai ne surukin marigayi mai na'ura? Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ai ba don kai ba da irin marigayi ya ƙare a duniya.” Na tsaya ina kallonsa. Ashe abin da Inna ta gaya wa duk matar da ta shigo jaje ke nan: ruwan bana ya fi ƙarfin kowa, ya cinye buhuna, amma wanda ke tare da na'urar surukinta ko ƙwaya ɗaya ba ta lalace ba. Ba ta ƙara ko kalma a kan gaskiya ba, ta dai bar sauran a cikinta. Mutum biyu suka tare ni a hanya suna so in haɗa musu irinta. Na yi ta in-ina ina cewa kayan sun yi wuya a Kano.

Na bi ta gonar kafin in tafi. Abin da ke cikin kular bai wuce 'yan fangali ba a kusurwa guda, Inna ta sa an kewaye su da ƙaya. Sauran gonar duk irin kasuwa ne, abin da ba a taɓa zubawa a ƙasar nan ba tun marigayi yana saurayi. Ban iya daɗewa a wurin ba.

Cikin sanyin nan matata ta haihu, namiji, aka mayar masa da sunan marigayi. Aka kai ta wajen Inna wankan jego kamar yadda ake yi wa haihuwar fari. Ni kuma na ƙudura a raina cewa wannan karon sai na faɗa. Yabon da ake yi min ya fi min zagi ciwo, ko abinci ba na jin daɗinsa. Na tsara maganar a kan babur tun daga gari: cewa na ga alamar matsala tun ruwa yana tsaka na yi shiru, cewa ranar da ta aiko tambaya na duba idon mutanen shago ne ba ita ba, cewa laifin nawa ne ni kaɗai.

Na durƙusa a zaure, na yi gaisuwa, na gyara murya. Sai na ji takun ɗingishin Inna yana matsowa. Ta zo har bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zauna a kan turmi ta ba ni gefe. Jaririn yana hannunta. Na ƙara sunkuyar da kai, domin ɗan fari ne, a gabanta ko kallonsa ba zan yi ba. Ita ma ba za ta kama sunansa ba tunda na mijinta ne. Ta ɗaga shi ta jijjiga, ta fara yi masa magana kamar yadda kaka ke yi wa jika.

“Kai Maigida, buɗe ido ka ji. Babanka ya zo da magana a baki, tun daga ɗaki nake jin nauyinta. Gaya masa ya mayar da ita inda ya ɗauko.”

Jaririn ya yi ɗan ƙara. Ta gyara masa zani.

“Gaya masa hancina bai mutu ba. Na ji warin tun ruwa yana bakin gari. Na aika aka tambaya, aka ce lafiya. Da rana ta buɗe na tashi har na kama bakin buhu. Sai na tuna in na baje a tsakar gida duk maƙwabta za su gani, su ce surukin ya kawo abu tsohuwa ta ƙi yarda da shi. Sai na saki buhun. Ni na saki da hannuna, Maigida, ba wanda ya riƙe ni.”

Na ji hawaye suna ɗiga a kan gwiwata, ba ni da halin sharewa. Duk daminar nan ina zaton tsohuwa tana can hankali kwance saboda na'urata. Ashe tana kwance kusa da buhunan tana shaƙar ruɓewarsu, ta zaɓi irin mijinta ya tafi a kan a ce mijin 'yarta bai san abin da yake yi ba.

“Abin da na gaya wa mutanen gari kuma na riga na gaya musu,” ta ci gaba. “Kada ya je ya warware min. In an yi girbi ya sa wa abinsa sabon batir ya kawo. Wannan karon ba aike. Zan tafi gidan ƙanwar uwarka in yini, shi ya shiga da ƙafarsa ya sa inda ya dace. Ka ji ko, Maigida? To gaya masa.”

Ta miƙe da kyar ta koma ciki. Maganar da na tsara tun daga gari ko kalma ɗaya ban furta ba.

Da bazara aka girbe 'yan fangalin nan daban, aka sussuke daban. Na zo da sensar, na cire mata jakar shadda, na kuma taho da katako don a ɗaga buhu daga ƙasa. Ƙanwar matata ta tare ni a zaure ta ce Inna ta fita tun safe. Ta nuna min ƙofa, ba ta yi min wasa ba, ba ta kuma bi ni ba.

Na shiga ba takalmi, kaina a ƙasa kamar mai ɗakin tana ciki. Ƙuryar 'yar ƙarama ce, da duhu-duhu. Ga gadonta, ga laujen marigayi a soke a jikin azara, ga kular a saman kabad. A jikin bango laimar bara ta bar zane har kusan gwiwata. A ƙasa kuma shatin gindin buhunan yana nan jere, daga bakin gado har kusurwa, an share an share bai fita ba. A kan shati na farko, wanda ya fi kusa da matashinta, aka jingine irin bana. Bai kai rabin buhu ba.

Na ɗora shi a kan katako, na rataye sensar a jikinsa, fuskarta tana kallon ɗaki. Ba ni da sauran abin yi a wurin, amma na daɗe a durƙushe kafin in iya fitowa.